Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Cibiyar Bincike da Magance Cutar Daji ta Ƙasa: A Sa Mu Cikin Binciken Magani Mai Saiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da basira a kan nauyin da aka ɗora maka, ina rubuto wannan takarda ne daga Idi-Araba a Legas, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a cikinta, dab da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas. Aikin kantin magani nake yi. Da yake ina jin Turanci da ɗan Yarabanci, 'yan'uwa kan ɗauke ni rakiya asibitoci daban-daban na garin nan in yi musu tafinta. Na rubuta da Hausa ne don waɗanda maganar ta fi shafa su karanta da kansu, ko a karanta musu a majalisa.

Maganata a kan magungunan cutar daji (kansa) na zamani ce, masu saiti, wato waɗanda ake ƙerawa don su nufi wata tawaya guda da ke cikin ƙwayar cutar. Cibiyarka ta NICRAT, wadda doka ta kafa a 2017 ta kuma kama aiki gadan-gadan a 2023, ita ke da alhakin nuna inda binciken kansa zai dosa a ƙasar nan. Abin da nake roƙo shi ne, duk lokacin da kuka zauna auna amfanin wani bincike, ku ƙirga mara lafiyar da binciken ya isa gare shi, kamar yadda kuke ƙirga maƙalun da aka buga da yawan masanan da suka ambace su. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum sama da 127,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. A cikinsu akwai waɗanda maganin cutarsu yana nan a duniya, an gano shi, an buga labarinsa, har an karɓi lambar yabo a kansa.

Ka san tarihin nan fiye da ni, amma bari in faɗa saboda masu karatu. A 1960, shekarar da muka sami 'yancin kai, wasu masana biyu a birnin Filadelfiya ta Amurka, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura da wani gajeren kiromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, a jinin masu wata irin sankarar jini da ke tafiya a hankali, wadda likitoci ke kira CML. Ba wanda ya san ma'anarsa sai 1973, lokacin da Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa kiromozom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. Inda suka haɗe sai a sami wani gurɓataccen furotin, BCR-ABL, wanda ke ba ƙwayoyin farin jini umarnin su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Daga nan aka shiga neman sinadarin da zai toshe wannan furotin shi kaɗai. Nicholas Lydon da abokan aikinsa suka haɗa shi a kamfanin magani, likita Brian Druker ya dage sai an gwada shi a kan mutane. A gwajin farko, cikin marasa lafiya 54 da suka sha isasshen adadi, jinin 53 ya daidaita. A watan Mayun 2001 Amurka ta amince da maganin, imatinib. Da aka bi sawun waɗanda suka fara da shi tsawon shekara 10, sama da kashi 80 cikin 100 suna raye, a cutar da a da take gamawa da mutum cikin 'yan shekaru.

Shekara 41 ke nan daga ganin alamar zuwa ƙwayar da ake haɗiya da ruwa. Ina so masu raba kuɗin bincike su riƙe wannan lissafi. Da an tambayi Rowley a 1973 mutum nawa aikinta ya warkar, da amsar ita ce babu ko ɗaya. Saboda haka ban zo in raina binciken ɗakin gwaji ba, kuma ban yarda da masu cewa ƙasa matalauciya ba ta da hurumin yinsa ba.

Kemo, wanda mutanenmu suka fi sani kuma suka fi tsoro, yana faɗa wa duk ƙwayar da ke saurin rabuwa ne, shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ya yi gyambo, jini ya yi ƙasa. Magani mai saiti kuwa makulli ne da aka yanka wa kwaɗo guda. In kwaɗon da ke jikin cutar mara lafiya ba irinsa ba ne, ko an sayar da gona an saye shi ba zai buɗe komai ba. Ashe ke nan komai ya rataya a kan gwaji. Sai an san irin tawayar da ke cikin ƙarin kafin a san ko maganin zai ci.

Na ga amfaninsa da idona. Akwai wani bawan Allah mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wanda cikinsa ya kumbura ta ɓangaren hagu, saifarsa ta girma har ba ya iya sunkuyawa ya ɗaga kwando. An yi ta ba shi maganin shawara da na basir kafin gwajin jini ya nuna CML ce. Ya dace da shirin nan na raba imatinib kyauta wanda kamfanin Novartis da gidauniyar Max suka kawo, wanda tun 2003 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya zama cibiyarsa a Najeriya. Da asuba yakan hau mota zuwa Ife, katin asibitinsa naɗe cikin leda a aljihun 'yar ciki, ya dawo da kwalayen wata da watanni. Yanzu yana nan a rumfarsa yana ciniki, ya aurar da 'ya'ya. Likitocin Ife kuma ba raba magani kawai suka yi ba, sun rubuta abin da suka gani a jikin marasa lafiyarsu sun buga. Irin binciken da nake nufi ke nan, wanda takarda da mara lafiya suka amfana tare.

Sai dai a sankarar mama, wadda ita ce ta fi kowace yawa a ƙasar nan, da sabbin kamu sama da 32,000 a 2022, labarin ya sha bamban. A 1987 Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa wasu ƙararrakin mama suna ɗauke da furotin HER2 fiye da kima, kuma su ne masu saurin yaɗuwa. Wajen ɗaya cikin biyar ke nan na masu cutar. A 1998 aka amince da trastuzumab, allurar da ke manne wa wannan furotin. Akwai kuma tamoxifen, tsohon magani mai araha, wanda ke aiki a kan ƙarin da sinadarin mata na istirojin ke ciyarwa. Dukansu biyu sai an gutsuro tsoka daga ƙarin, an rina ta a ɗakin gwaji, an duba da madubin likita.

A nan nake so in daɗe, ranka ya daɗe, domin a nan ake asarar rayuka shiru. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ta ce tsokar da aka yanko ta shiga ruwan fomalin, mai hana ta lalacewa, cikin awa ɗaya, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka saɓa, alamomin da ake nema sukan dushe, sakamako ya fito cewa babu, alhali akwai. Na taɓa raka wani magidanci daga Agege wanda aka yi wa matarsa aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Da aka fito da ita sai aka miƙo masa tsokar a cikin kwalba, ruwan bai ko rufe ta ba, aka ce ya kai ɗakin gwaji da kansa. Ranar Juma'a ce da yamma. Ya riƙe ta a cinya cikin motar danfo, cunkoson Oshodi ya riƙe mu har aka tashi daga aiki, kwalbar ta kwana a ɗakinsa har Litinin. Sakamako ya fito babu ko ɗaya cikin alamomin da ake nema. Har yau ina tambayar kaina ko cutarta ce haka, ko kuwa kwalbar ce ta yanke mata hukunci.

Wannan tambaya ta masana ce ma. Wani bincike da aka buga a 2009 a kan tsokokin mata daga Najeriya da Sanagal ya samu cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da alamar istirojin. Wani kuma da Farfesa Clement Adebamowo da abokansa suka buga a 2008 daga Ibadan, inda aka kula da yadda ake adana tsokar, ya samu kusan biyu cikin uku. Tazarar nan ba ƙarama ba ce. In na biyun ne ya fi kusa da gaskiya, to akwai dubban mata da tamoxifen zai taimaka musu amma ana ce musu ba zai yi ba. Ba mai warware mana wannan daga Landan ko Boston. Aiki ne na asibitocinmu, da fomalin mai kyau, da agogo, da ma'aikacin da aka horar aka kuma biya shi haƙƙinsa. Mai yiwuwa babbar mujalla ba za ta yi ɗokin buga shi ba, amma ina ganin ya cancanci kuɗin cibiyarka kafin wasu ayyukan masu ƙyalli.

Batun tsada kowa ya san shi. Trastuzumab ana yinsa ne duk mako uku har shekara guda, yana buƙatar firji da ba ya ɗaukewa, da hoton zuciya lokaci-lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi tare da imatinib da wani maganin kansa, rituximab, cikin jerin magungunan dole a 2015, kuma a Disambar 2019 ta tantance kwatankwacinsa na farko mai rahusa, a lokacin da na asalin ke cin wajen dala 20,000 a shekara. A kantinmu nakan ga mace ta yi allura uku ko huɗu da kuɗin adashi da gudummawar masallaci, sannan ta daina zuwa. Ya kamata a sami wanda zai bi sawun irin waɗannan matan ya rubuta abin da ya same su. A ƙasashen waje an yi gwaje-gwajen ko wata shida zai wadatar maimakon shekara. Ga ƙasar da mutane ke biya daga aljihunsu, amsar wannan tambaya a jikin matanmu ta fi zinariya.

Yanzu ga batun tasirin ilimi, wanda jami'o'i ke alfahari da shi. A 1963, a Ibadan, wani masani Bature mai suna Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyin ƙari daga jikin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 da ke fama da kansar nan ta yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ƙwayoyin suka rayu a kwalba, suka ci gaba da hayayyafa har yau. Ana kiran su Raji, ana sayar da su ga ɗakunan gwaji a faɗin duniya, kuma da su ake gwada magunguna irin rituximab, wanda aka amince da shi a 1997 don sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki. Maƙalun da aka rubuta da ƙwayoyin yaron nan ba su ƙirguwa. In tasiri ambato ne, to ɗan Najeriya ya ba da nasa tun kafin a haifi yawancinmu. Amma je ka tambayi iyayen da aka rubuta wa rituximab a Legas ko Kano yadda suka yi da takardar. A Ibadan ɗin nan dai Farfesa Victor Anomah Ngu ya yi aikin maganin wannan cuta har ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker, ta binciken lafiya, a 1972. Muna da gadon da za mu tsaya a kai, kuma muna da dalilin sa sharaɗi: samfurin jini ko tsoka da zai fita ƙasar nan ya bar kwafin bayanansa a gida, sunan masaninmu ya hau gaba a maƙalar in shi ya yi aikin, a kuma rubuta tun farko yadda maganin da za a samu zai dawo wa waɗanda suka ba da jikinsu.

Wani nazari da aka buga a 2019 ya nuna cewa cikin mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado da su, kusan kashi 78 cikin 100 Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2, alhali babu nahiyar da ta kai tamu bambancin ƙwayoyin gado. Wannan giɓi yana da sakamako a gadon asibiti. Dubi kansar huhu. A 2004 aka gano cewa maganin gefitinib yana aiki ne a kan masu tawaya a furotin EGFR. Tawayar tana wajen kashi 10 zuwa 15 na Turawa masu irin wannan kansa, amma a Gabashin Asiya ta kusa rabi. Likitocin Asiya ba su jira kowa ba. Suka shirya babban gwaji a ƙasashensu ƙarƙashin Tony Mok na Hong Kong, aka buga shi a 2009, ya canja yadda duniya duka ke ba da maganin. Mu ma an fara. Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta na Ibadan sun buga a 2018 cewa cikin mata sama da 1,100 masu sankarar mama da suka gwada, kusan kashi 15 cikin 100 sun gaji wata tawaya, mafi yawa a ƙwayoyin gadon da ake kira BRCA1 da BRCA2. Akwai magani mai saitin wannan tawaya, olaparib, wanda ya fito a 2014. Aiki ne mai kyau ƙwarai, Allah Ya saka musu. Amma Ibadan aka yi shi, kuma yawancin matan na yankin ne. Bahaushiya da Bafulatana da Babarbariya fa? Ba sai an je Sakkwato ko Maiduguri kafin a fara ba. Muna nan a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, tafiyar mota ɗaya daga Cibiyar Binciken Lafiya ta Yaba da cibiyar kansa ta NSIA da aka buɗe a Idi-Araba a 2019.

Na san abin da wasu masu bincike za su ce: mutanen Arewa ba sa yarda a ɗebi jininsu. Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon wannan yana cikin abin da ya hura wutar ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Duk wanda zai zo mana da takardar neman yarda ya san da wannan tarihi ya zo. Takarda mai shafi goma da Turanci, a ce wa tsohuwa ta dangwala yatsa, wannan ba neman yarda ba ne. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a naɗi bayanin da murya a tura wa mutum a waya ya saurara a gida tare da iyalinsa. Mace ta yi wa mace bayani, a kuma sa maigida a zance tun farko ba tare da an ƙwace wa matar ikon cewa e ko a'a ba. In an gama bincike a dawo a gaya mana abin da aka gano. Da ɗan gari akan ci gari, kuma muna da 'ya'ya masu karatun jinya da kimiyya a nan Legas da za su iya wannan aiki in an ɗauke su.

Akwai wani abu kuma da ban ga ana lissafawa ba. Bahaushen Legas in ciwo ya yi tsanani, 'yan'uwa sukan ce a kai shi gida. A sa shi a motar dare daga Agege ko Mile 12, gari ya waye yana hanyar Zariya ko Katsina. A fayil ɗinsa na Legas sai a rubuta cewa ya daina zuwa. A Arewa kuma a buɗe masa sabon kati, a sake gwaje-gwajen da aka riga aka biya, in akwai sauran kuɗi. Bincike ya rasa sanin ko maganin ya yi aiki, mara lafiya ya rasa makonni. Ibadan ta kafa rajistar masu kansa tun 1960. Bai kamata a ce har yanzu sakamakon HER2 da aka yi a Legas ba zai iya bin mace zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika ba. Lamba ɗaya ga kowane mara lafiya, da yarjejeniya tsakanin asibitocin koyarwa, abu ne da cibiyarka ke da ikon jagoranta.

Ga 'yan'uwana masu karanta wannan, kada wani ya ɗauka an sami maganin kowace kansa. Da yawa ba a gano musu saiti ba tukuna. Waɗanda ke da shi ma cutar kan sauya ta kauce, shi ya sa bayan imatinib aka fito da dasatinib a 2006 da nilotinib a 2007, kuma shi ya sa mai shan maganin ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Su ma suna da illolinsu. Tiyata da gashin ƙari da na'ura da kemo suna nan da muhimmancinsu, kuma duk wanda ya ji ƙullutu a jiki ya je asibiti da wuri ya fi wanda ya tsaya shafe-shafe har ya fashe. Wannan ɓangaren namu ne, malamai da sarakunan Hausawa da iyayen gida, kuma muna yin iya ƙoƙarinmu.

Naka ɓangaren, ranka ya daɗe, ina roƙon a rahoton shekara na cibiyarka, kusa da adadin maƙalun da aka buga, a rubuta mata nawa aka yi wa gwajin HER2 da na istirojin, nawa suka fara allura, nawa suka kammala, da kuma mutum nawa daga kowane yanki aka sa a gwajin magani. Haka kuma duk wanda ya nemi tallafin bincike a wurinku a tambaye shi da wane harshe zai nemi yardar mutane. In ka turo tawaga Legas, su biyo ta fadar Sarkin Hausawan Agege da ta Idi-Araba, su sanar da limamai mako guda kafin zuwansu domin a yi shela ranar Juma'a, a kuma ware wa mata zama na dabam a makarantar Islamiyya da safe, lokacin da yara suka tafi boko. Tafinta ba zai yi wuya ba, ni da wasu mun ɗauki wannan.

Allah Ya taimake ka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Naka,
Wani ma'aikacin kantin magani, Idi-Araba, Legas.